Neman shawara kan maganin cutar MS ga yarinya 'yar shekara 12

Assalamu alaikum likitocinmu da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali. Daga Gombe nake rubutowa game da 'yata, wadda hoton MRI ya nuna tana da cutar MS, wato garkuwar jiki ce ke cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Da damina idonta na hagu ya dushe, daga baya ƙafarta ta riƙa ja har silifas yana zame mata ba ta sani ba. An yi mata ƙarin ruwan methylprednisolone na kwana 5, ta samu sauƙi, amma likita ya ce wannan kwantar da tashin ciwon kawai yake yi, ba ya hana shi dawowa.

A nan muka tsaya. Ya ambaci fingolimod, ƙwayar da Amurka ta amince a bai wa yara daga shekara 10 tun 2018, sai dai ranar farko dole a sa ido kan bugun zuciya na awa 6, kuma mun zaga kantunan magani ba mu same ta ba. Allurar interferon kuwa galibi tana buƙatar firji, ga halin wutarmu.

Don Allah, wanda ɗansa ya karɓi rituximab, da ake ƙarawa ta jijiya kusan duk wata 6, yaya ya kasance? Kuma waɗanne gwaje-gwaje ake yi kafin a fara?