Kwaikwayo da kimiyyar kuwantum: misalin ya hau ko bai hau ba?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Jiya mun sha gardama a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Wani masani Bafaranshe, René Girard, tun 1961 ya ce mutum ba ya son abu haka kawai, sai ya ga wani yana so. Ni na ce haka yake a kimiyyar kuwantum, wato ilimin ƙwayoyin halitta masu tsananin ƙanƙanta: ɗaya daga cikinsu, elektaron, ba shi da takamaiman wuri sai an auna shi. Zuciya ma ba ta san abin da take so ba sai ido ya faɗa kan na wani.

Mai atamfa: Ɗana, rabin maganarka na gan shi a shagona. Akwai turmin da ya yi wata uku a ƙasan tari, ƙura duk ta hau shi. Wata amarya ta fitar da shi anko, kafin sati mata sun yi mini ca. Har wadda ta ce kalarsa ta yi duhu ta dawo tana roƙon in ajiye mata.

Malamin fizik: Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma ƙanena, aunawa a kuwantum ba kallon mutum ba ne. Na'ura ce ke taɓa ƙwayar, ko haske ya buge ta, kuma ko ba kowa a ɗakin abin da zai faru zai faru. Abin da masanin kuwantum Heisenberg ya kawo a 1927 lissafi ne kan wurin ƙwaya da gudunta, ba ruwansa da zuciya.

Ɗalibi: To Malam, sarƙewar ƙwayoyi biyu fa, wato yadda halinsu ke ɗaure da juna? A kanta masana Aspect, Clauser da Zeilinger suka samu lambar yabo ta Nobel a 2022. Ka auna ɗaya, ka san labarin ɗayar komai nisanta. Ba haka maƙwabta suke ba?

Malamin fizik: Nan ma misalin ya fi karyewa. Sarƙewa ba ta kai saƙo. Kwaikwayo kuwa da ƙafarsa yake zuwa, ta ido, ta kunne, ta hoton WhatsApp.

Tela: Ku bar ni in sa baki, don abin ya ci ni. Layyar bara maƙwabcina ya ɗaure balami a ƙofar gida, fari tas, yara suka kewaye shi. Da magariba na ji ɗana yana ce wa uwarsa namu zai zama ƙarami. Washegari na ci bashi, har yau ban gama biya ba. Abin da ke damuna da misalinka, ɗana, in aka ce dokar halitta ce, kamar an wanke ni ke nan. Alhali na san daren da na kasa barci na yanke shawarar da kaina.

Ɗalibi: Allah ya rufa asiri, Baba. Na janye maganar sarƙewa. Amma kafin ka ga balamin, wane rago kake so?

Tela: Wanda kuɗina ya kai. Har na riga na taya shi a kasuwa.