Ƙawancen garuruwa: ta ina ake farawa, kuma me ke kashe shi?

Sakataren Ƙungiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban garinmu, a wata ƙaramar hukuma ta arewacin jihar Katsina, tana son ƙulla ƙawance da wani gari na ƙasar waje, irin wanda ake ji birane suna yi: musayar ɗalibai, ziyarar al'adu, taimakon juna kan ruwan sha da noma. Kan 'yan kwamiti ya rabu. Wasu na son Turai ko Amurka don can kuɗi yake, wasu na cewa mu tsallaka nan Nijar, cikin jihar Maraɗi. Wa ke da ikon sa hannu, mu ko shugaban ƙaramar hukuma? Me ake rubutawa a takardar? Kuma me za mu tanada a shekarar farko? Masu sani a taimaka mana.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Maganar sa hannu ita ce ta farko, don nan ake yawan tuntuɓe. A kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, hulɗa da ƙasashen waje hurumin gwamnatin tarayya ce ita kaɗai. Saboda haka ƙaramar hukuma ba ta ƙulla yarjejeniyar da za ta ɗaure ƙasa. Iyakarta takardar fahimtar juna, wadda ba ta ɗora wa kowa bashi. Shugaban ƙaramar hukuma ne ke sa hannu tare da takwaransa, bayan majalisar kansiloli ta zartar da ƙuduri an shigar da shi littafin zama. Kafin ranar, ku aika kwafin daftarin zuwa ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu ta jiha, ku kuma sanar da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a rubuce, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Mutane na raina wannan mataki sai ranar da aka tsayar da tawagarsu aka tambaye su wa ya san da tafiyarsu.

Sai dai sa hannun shugaba ba ya riƙe ƙawance. Shugaba kan yi shekara biyu ko uku ya sauka, wani lokaci a rushe majalisa a naɗa kantoma, wanda ya gaje shi kuwa ba ya ganin dalilin raya abin da ba da sunansa aka kafa ba. Tamale ta Ghana da Louisville ta Amurka sun ƙulla nasu tun 1979, shugabanni sun yi ta sauyawa a ɓangarorin biyu, abin da ya ɗauki nauyin tafiyar shi ne kwamitocin 'yan gari masu aikin sa kai. To nan ne ƙungiyarku ke da aiki. Ku kafa kwamiti na mutum tara zuwa sha ɗaya: wakilin hakimi, kansila guda, shugaban makaranta, ma'aikacin lafiya, malamin gona, mata aƙalla biyu, matashi, da ɗan kasuwar da ya san hanya. Idan ƙungiyar ba ta da rajista, ku yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC), ku nemi takardar SCUML, wato sashen hana halasta kuɗin haram, domin banki zai tambaye ta kafin ya buɗe muku asusu. Asusun ya zama mutum uku ne masu sa hannu, ba a fitar da ko sisi sai da biyu daga cikinsu. Kada kuɗin ƙawance ya shiga asusun ƙaramar hukuma, in ya shiga ya zama na albashi.

Ita takardar kada ta wuce shafi biyu. Sunayen garuruwan, manufa a layi uku, fannonin aiki da ba su wuce uku ba, wa'adin shekara uku da za a iya sabuntawa, mutum biyu na tuntuɓa a kowane ɓangare, da yadda mai son fita zai ba da sanarwar wata uku. A rubuta ta cikin harshen aikin kowace ƙasa, a faɗa cewa duka biyun darajarsu ɗaya. Kada a sa adadin kuɗi a ciki. Wannan na tsarin aikin shekara ne, wanda ake rubutawa dabam kowace shekara. Takardar da ta lissafa fanni goma sha biyu, daga yawon buɗe ido har masana'antu, alama ce ta cewa ba a zauna an zaɓi ko ɗaya ba.

Ɗan Tasawa, daga jihar Maraɗi ta Nijar, ya amsa:

Sallama gare ku, 'yan uwa. Ni ba na ɓoye ra'ayina: ku tsallako. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa bai cika kilomita 100 ba, babu biza, babu tafinta, kuma zumuncin ya girmi iyakar kanta. Gidan sarautar da ya bar Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 shi ne ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, kamar yadda Sarkin Gobir yake a Tsibiri. Wannan tarihi na taimakawa, amma yana buƙatar hattara. Kafin kowace ziyara a daidaita wa zai fara gaida wa, ina za a shimfiɗa wa kowa, kuma a gaya wa maroƙa da makaɗa kirarin da ba a so a ji a wurin.

Yadda abin yake a ɓangarenmu yanzu: tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwa, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari zaɓaɓɓu. Kantoma ba zai sa hannu da baƙo daga wata ƙasa ba sai prefe, wato shugaban gunduma, da gwamna sun sani. Don haka wasiƙarku ta farko ta zo da Faransanci, da kwafin Hausa, a miƙa ta hannu da hannu, ɗaya ga kantoma, ɗaya ga prefe, ɗaya ga sarki ko hakimin wurin. Akwai kuma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, hedkwatarta na Yamai, a aika mata kwafi don ta san da ku.

Nijar ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka kada kowa ya dogara da yadda aka saba a da. Kowane ɗan tawaga ya riƙe fasfo ko takardar tafiya mai rai, da katin rigakafin shawara. Mota ta zo da cikakkun takardunta da inshora, a karɓi izinin shiga na wucin gadi wurin 'yan duwan, wato kwastan. A buga jerin sunayen tawaga da lambobin takardunsu, mai hatimin ƙaramar hukuma, kwafi biyar aƙalla, don ɗan sanda zai riƙe ɗaya, jandarma ma haka. Yara kuma kowanne da takardar haihuwa da izinin uba a rubuce. Ku iso iyaka da hantsi, kada yamma ta yi muku a hanya, ku kuma tambayi jami'an tsaro halin da hanyar Jibiya ke ciki kwana ɗaya kafin tashi.

Abin da za a yi tare shi ne ya fi muhimmanci, kuma a nan kowa na da abin bayarwa. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun ƙware a sassaben zamani tun shekarun 1980: in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututturen da ya toho, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a bari, a sare sauran, a riƙa yi musu aski har su zama itace. Da wannan dabara aka dawo da gawo da kalgo da sabara a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Ba a koyon wannan a zauren taro. A kawo manoma goma cikin Afrilu ko Mayu, su shiga gona da adda su ga inda ake yanka da inda ake bari. Ku kuma kuna da masu noman rani da masu gyaran injin ban ruwa waɗanda mutanenmu za su so su zauna da su. Kokowa na tara jama'a, amma a amince kan dokoki tun kafin ranar, alƙali ɗaya daga kowane gari, kuma kada a sa ta lokacin gasar Takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda ake yi tun 1975, don a ranakun ba mai sauraron ku. Haka in da Sallah za a haɗa, a tuna wani lokaci Nijar kan riga Najeriya ganin wata da kwana ɗaya.

An rufe iyakar nan ta Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. Cikin ayyukanku a samu ɗaya da ba ya buƙatar tsallakawa, kamar shirin rediyo na wata-wata da ake naɗa a waya a tura wa juna.

Hajiya Malama ta amsa:

Na yarda da Ɗan Tasawa kan inda za a fara, amma kada a yi wa masu son Turai dariya, suna da hujjarsu. Garuruwan Faransa da dama sun daɗe suna aiki da na Nijar: Conflans-Sainte-Honorine da Tasawa, Orsay da Dogonduci, Juvisy da Tillaberi. Wata doka ta 2005 ta ba hukumomin garuruwan Faransa damar kashe har kashi 1 cikin 100 na kasafin ruwa da tsafta a kan ayyukan ƙasashen waje, da irin wannan kuɗi aka gina rijiyoyi da makewayai a wurare da yawa. Amma da Faransa ta dakatar da tallafinta ga Nijar a ƙarshen Yulin 2023, galibin ayyukan suka tsaya cak. Ƙawancen da ɓangare ɗaya ne kullum ke bayarwa haka yake ƙarewa.

In har za ku nemi na nesa, wasiƙar da aka tura wa magajin garin da bai taɓa jin sunanku ba da wuya a amsa ta. Ƙofar ita ce ɗan garinku mazaunin can, ko makaranta da makaranta, ko asibiti da asibiti, a yi shekara ɗaya ko biyu ana ƙaramin aiki kafin a yi zancen sa hannu. Ku nemi gari daidai da naku a yawan jama'a da sana'a.

Biza ce babbar matsala. Kuɗin bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma ba a mayarwa in an hana. Ana buƙatar inshorar lafiya ta yuro 30,000, da fasfo da ke da sauran wata uku bayan ranar dawowa. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kada ku bari ya rage ƙasa da wata biyu. Ku zaɓi masu aiki da iyali a gida, waɗanda aikinsu ya shafi tafiyar. Mutum ɗaya ya zille bai dawo ba, an rufe wa duk garin ƙofa.

Sai kyautar kwantena, wadda ta fi kowane abu jawo ɓacin rai. Kada ku karɓi kaya sai kun ga jerinsu, kun kuma san wa zai biya kuɗin fito da na ajiya a tashar jirgin ruwa, don kullum ƙaruwa suke. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin kyauta ya iso da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace, kuma sai da izinin NAFDAC. Na'urar Amurka a kan wuta mai ƙarfin volt 120 take aiki, tamu 230 ce, a jona ta kai tsaye ta ƙone. Kwamfutocin Faransa kuwa jerin haruffansu dabam ne da wanda ɗalibanmu za su tarar a jarrabawar JAMB.

Sakataren Ƙungiya ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da malamai. Saura maganar kuɗi, ba wanda ya taɓo ta.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Ba zan faɗi adadi ba, farashin mai da canjin sefa ba sa zama wuri ɗaya. Ga dai yadda ake lissafi. Al'adar da aka saba ita ce baƙo ya biya kuɗin motarsa, mai masauki ya ɗauki kwana da abinci, a gidajen mutane ba a otal ba. To shekarar farko abu uku ne a wuyanku: tafiyar share fage ta mutum uku a ƙaramar mota, tafiyar tawaga ta mutum goma sha huɗu a bas guda na kwana uku, da saukar tasu tawagar mai yawa kamar haka. Ku tambayi farashin ranar, ku ƙara kashi 20 cikin 100 na abin da ba a zata ba, ku canza sefar da ake buƙata kafin a tashi. Bikin sa hannu kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na duka, kuma a yi shi bayan kowane ɓangare ya ziyarci ɗan'uwansa sau ɗaya. Alawus na zama kuma kada a fara shi, ko ga wakilin hakimi.