Injin jirgina ya mutu a tsakiyar kogi, igiya ta ƙi jawuwa

Mai kabewa, Gamkalle: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar na taso daga Bubon da lodin kabewa, injina Yamaha Enduro mai doki 15. Muna hango gadar Kennedy ta Yamai sai na ji ƙarar ta fara nauyi, kamar wanda aka shaƙe. Na ƙara wuta, bai amsa ba. Wari ya taso irin na roba da ta ƙone, sai ya yi ƙas, ya tsaya. Na ja igiyar tayar da inji, ko motsi. Ni da yarona da gora muka tura jirgin har bakin gaɓa, magariba ta same mu a ruwa. Esansi, wato fetur, akwai, kusan rabin tanki. Shekara uku ina aiki da shi bai taɓa yi mini haka ba. Masana, ina zan fara dubawa?

Ɗan Saga: Wa alaikumus salam. Ka tabbata giyar tana tsakiya? Da yawan injinan nan suna da makulli, in giya na ciki igiya ba ta jawuwa. Na taɓa kai nawa wajen gyara a kan wannan, aka yi mini dariya.

Mai kabewa: Na mayar da ita tsakiya, ɗan'uwa. Hannun giyar yana shiga yana fita lafiya. Igiyar ce dai ƙam.

Makanikin Harobanda: Alhaji, sannu da wahala. Kafin komai, ka bar jan igiyar nan. Ka buɗe murfi, ka kwance mazaunin igiyar gaba ɗaya, don wani lokaci shi ne yake cijewa, inji lafiyarsa ƙalau. Sannan ka cire buji biyun, wato fulogi, ka sa hannu a faifan da ke sama ka juya shi yadda hannun agogo yake tafiya. In ya juya ruwa ya feso daga ramin buji, to ruwa ya sha. In bai juya ba, sai a raba kai da ƙafa, wato sashen ƙasa mai farfela: ka kwance notocin ƙafar da sandar giya, ka sauke ta, ka sake gwada faifan. Ya juya, ciwon yana ƙasa, haƙoran giya ne ko boris. Bai juya ba, pisto ne ya kama. Kada ka yarda kowa ya buɗe maka kan inji kafin a yi wannan, na sha ganin an farke kai a banza alhali ƙafa ce ta ƙone.

Tambaya biyu. Ɗan fitsarin ruwan da yake fita ta baya, ka ga yana fita kafin ya mutu? Kuma wa ya haɗa maka mai da esansi?

Mai kabewa: Gaskiya ban duba fitsarin ba, kabewa ta tare ni, ina kallon gaba. Haɗin kuma yarona ne ya yi, ya ce rabin litar mai ya zuba a tankin lita 25 kamar kullum.

Makanikin Harobanda: In gaskiya ya faɗa, haɗin ya yi, kashi ɗaya ne cikin 50. Hankalina ya fi komawa wajen ruwa.

Tsohon basarke: Ɗana, ka duba bayan farfela tukuna. Ka zare ta ka gani. Zaren koma da na ƙugiya suna naɗewa a nan, su yi ta ci har su yanke robar da ke tare mai, ruwa ya shiga, giya ta yi ta gudu a bushe. Ka kwance noti na ƙasa ka tari man a hannu. In ya fito fari kamar kunun gyaɗa, ko ka ji ɓurɓushin ƙarfe a yatsa, ka san inda aka kwana. Kuma yanzu ruwa ya ja baya, ko'ina yashi da leda. Baƙar leda guda in ta manne a ƙofofin shan ruwa, kafin ka ankara inji ya dahu. Da ya tsaya sai ta saki ta tafi abinta, ka ɗago ƙafa ka ga babu komai.

Ɗan Saga: Ka ɗura gazwal, wato man dizal, a ramin buji ya kwana, gobe ka sa dogon ƙarfe a notin faifan ka danna, zai saki.

Makanikin Harobanda: A'a malam. Wannan maganin injin da ya yi tsatsa a ajiye ne. Wanda zafi ya kama, narkewa piston ya yi ya shafe jikin silinda. Ka tilasta shi, zoben ya karye ya tsaga bango, gyaran pisto ɗaya ya koma na silinda.

Mai kabewa: Na dawo, Allah ya saka da alheri. Baba, na zare farfela, akwai ɗan zare amma man giyar garau yake. Mun sauke ƙafa da safe, ita tana juyawa da hannu, faifan sama kuwa yana nan a cije. Buji na sama ya yi fari da ɗige-ɗigen toka kamar an barbaɗa masa garin dalma, na ƙasa baƙi-baƙi. Da muka buɗe gidan famfon ruwa, robar da ke ciki fukafukanta biyu kawai suka rage. Tunda na sayi injin ban taɓa sake ta ba, ban ma san ana sakewa ba.

Makanikin Harobanda: To ga shi nan. Duk shekara ake sake ta, balle mu da muke cikin yashi. Silinda ta sama ita ruwa yake fara yanke wa, shi ya sa bujinta ya nuna. Ka kawo kan a buɗe a ga ko gogewa za ta isa ko sai an faɗaɗa ramin an sa pisto mai girma. Guntayen robar nan kuma ka tattara su ka jera, ka ga ko sun cika. Wanda ya ɓace yana cikin bututun ruwa, in ba a fitar da shi ba sabon piston ma haka zai ƙone. Ka zo da ƙafar da tankin, ina son in ga launin esansin da idona.