Kindle (na'urar karanta littattafai) ko waya, wanne ya fi wajen karatu: abin da 'yan uwa suka ce

1. Kusan kowa ya yarda allon Kindle bai cika gajiyar da ido ba, kamar takarda yake, ko a tsakar rana ana ganin rubutu. Caji ɗaya kan kai makonni, abin da ya fi burge masu fama da ɗauke wuta.

2. Waya kuwa tana aljihu, ba sai an sake kashe kuɗi ba. Littattafan Hausa da yawa ma ta WhatsApp da Wattpad (dandalin karanta labarai a intanet) suke yawo.

3. An rabu a kan PDF. Wasu sun ce a Kindle rubutun kan ƙanƙance, juya shafi kuma da nawa. Wasu sun ce a mayar da littafin EPUB (wani tsarin fayil na littattafai), a tura shi Kindle, shi ke nan.

4. Saƙonni na katse karatu a waya. Nan kam ba wanda ya musa, har da ni.