Sunayen foldoji sun rikice a laburaren Windows: abin da ya faru da mu a Kano

Mai shagon buga takardu, Kabuga

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwamfutar teburin da muke buga wa ɗalibai aikin kammala karatu da ita tana ɗauke da Windows 10, kuma kwanan nan idan na buɗe laburaren Documents sai in tarar da foldoji uku a jere, kowacce tana amsa sunan Documents, alhali na tabbata biyu daga cikinsu da sunayen abokan ciniki aka buɗe su. Yaron shagona ya ba da shawarar a yi mata fomat, amma na hana shi, domin akwai amanar mutane a ciki wadda ba mu da kwafinta a ko'ina. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan, don Allah ya gaya mana yadda tasa ta kasance.

Mai gyaran kwamfuta, titin Beirut

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka hana fomat, domin da wuya a ce wani abu ya ɓace. Laburare, wanda ya shigo tare da Windows 7 a shekarar 2009, ba folda ba ne. Ƙaramin fayil ne mai suna da ke ƙarewa da .library-ms wanda yake tattaro foldojin da ke wurare daban-daban ya nuna maka su a taga guda. Shi ya sa idan laburaren kansa ya lalace ana iya share shi, a danna Restore default libraries, ba tare da takarda ko ɗaya ta salwanta ba.

Amma taka matsalar, bisa abin da na saba gani a bencina, daga desktop.ini take. Ɓoyayyen fayil ne da ke zaune a cikin foldar Documents, kuma a cikinsa akwai layin LocalizedResourceName wanda yake nuni zuwa shell32.dll da lamba -21770, ma'ana a nuna wannan folda da sunan Documents ko mene ne sunanta na asali. Idan aka kwashe kayan Documents na wata kwamfuta gaba ɗaya har da ɓoyayyun fayiloli aka zuba a wata folda, kuma foldar tana ɗauke da alamar read-only ko system, sai ita ma ta ari wannan suna. Ka shiga kowacce ka danna sandar adireshi da ke sama, za ka ga sunanta na gaskiya. Daga nan ka sa a nuna ɓoyayyun fayiloli, ka cire alamar da ke kan Hide protected operating system files, ka share desktop.ini a cikin biyun da ba na asali ba kawai. Wanda ke cikin C:\Users ƙarƙashin sunanka, ka bar shi yadda yake, sannan ka mayar da alamar nan da ka cire, don kada yaro ya taɓa abin da bai sani ba.

Sakatariya a wani ofishi, Gwale

Tamu ta ɗan bambanta. An so a mayar da Documents zuwa faifan D saboda C ya cika, sai wanda ya yi aikin ya shiga Location, shafin da ake sauya wa foldar mazauni, ya zaɓi D ɗin kansa maimakon ya fara buɗe sabuwar folda a cikinsa. Washegari faifan gaba ɗaya ya bayyana a matsayin Documents, komai na ofis ya zube a laburare. Maɓallin Restore Default da ke wannan shafi ya dawo da shi, sai dai da kwamfuta ta tambaya ko a kwashe fayilolin zuwa tsohon wurin, mun amsa a'a, domin da mun yarda da ta yi ƙoƙarin tura faifan duka cikin C wanda dama babu wuri a cikinsa.

Mai gyaran kwamfuta, titin Beirut

Hajiya, amsar da kuka bayar ita ce daidai. Idan maɓallin ya ƙi, a rajista (Registry, ma'ajiyar saitunan Windows) ake gyarawa, ƙarƙashin User Shell Folders, inda Documents ke ɗauke da sunan Personal, amma wannan ba aikin mai koyo ba ne. Haka kuma wanda ya kunna OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, zai iya ganin Documents biyu, domin manhajar tana mayar da ta asalin cikin foldarta.

Mai ɗaukar hoto, Fagge

Ni a faifan waje da na haɗa da laburaren Pictures na gamu da nawa. An ɗauke wuta ina tsakiyar kwafe hotunan wani biki, janareta bai tashi da wuri ba, da kwamfuta ta dawo ta duba faifan sai ga folda mai suna FOUND.000, cikinta fayiloli irin su FILE0000.CHK. Wani abokin sana'a ya ce bairos ne in share, amma ashe guntayen hotunan ne da chkdsk, mai duba lafiyar faifai na Windows, ya tsinto ya adana. Da na kwafe su gefe na sauya ƙarshen sunansu zuwa .jpg, da yawa sun buɗe, har da na ɗaurin aure wanda ba a iya maimaitawa. Bairos na gaske da na sani shi ne na filashi, wanda yake ɓoye foldojinka ya bar maka gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a gefe. Waɗannan gajerun hanyoyin kada a danna su, a fara cire bairos ɗin daga filashin da manhajar kashe bairos, sannan a fito da foldojin da umarnin attrib -h -r -s /s /d a Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni.

Malama mai shirya littattafan Hausa, Tarauni

Akwai wadda ba a ambata ba, kuma mu masu rubutu da Hausa ta fi shafa. Ina sa wa foldojina suna da haruffanmu masu ƙugiya, kamar Ƙagaggun Labarai ko Ɗaliban Bana, kuma Windows tana riƙe su lafiya domin NTFS, tsarin da take jera fayiloli da shi a faifai, yana adana sunaye da Unicode, wanda ya ƙunshi haruffan harsuna daban-daban. Matsalar tana zuwa ne idan aka dunƙule folda a zip da tsohuwar manhaja aka aika wa maɗaba'a, domin a can sai ƙ da ɗ su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana, ma'aikaci ya kasa gane wane littafi ne. Ban yarda mafita ita ce mu daina rubuta harshenmu daidai ba. Yanzu da manhajar 7-Zip nake dunƙulewa a tsarin 7z, wanda yake kiyaye haruffan, kuma ina fara kowane suna da shekara da lamba, misali 2024-03, ta yadda ko sunan ya gurɓace a hanya, mai karɓa zai kira ni ya karanto lambar in gaya masa abin da ke ciki.