Neman shawara: fayafayan saksofon na kiɗan kilasik, da wanne zan fara?

Mai Alto:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alto, wato saksofon mai matsakaicin girma, nake busawa a badujala, hannuna ya fi sabawa da kiɗan maci. Ina so in horar da kunnena da kiɗan kilasik na Turai wanda aka rubuta wa saksofon, amma duk sanda na bincika a YouTube sai kiɗan soyayya irin na otal yake fito min. Waɗanne fayafayai zan nema?

Kawu Mai Fayafayai:
Wa'alaikumus salam. Da sunan kayan busa kake nema, shi ya sa. Rubuta sunan wanda ya tsara kiɗan haɗe da sunan mabushin. Kuma kada ka wahalar da kanka da neman Mozart ko Beethoven: a 1846 Adolphe Sax ya yi wa saksofon rajista a Faris, Beethoven kuwa ya rasu tun 1827. Duk kiɗansu da ka ji a saksofon aro ne daga wani kayan kiɗan.

Faifai biyu sun ishe ka farawa. Na Eugene Rousseau da makaɗan Paul Kuentz, wanda kamfanin Deutsche Grammophon ya fitar a 1971, sai na John Harle da Neville Marriner, na EMI, 1991. Dukansu akwai kiɗan da Glazunov da Ibert da Villa-Lobos suka tsara a ciki, kuma amfaninsu ke nan: kiɗa ɗaya, baki biyu. Fara da konceton Glazunov na 1934 (konceto kiɗa ne na mabushi ɗaya da rukunin makaɗa ke raka shi), wajen minti 14 ne babu tsayawa. Masu goge ne ke buɗewa kafin alto ya shigo. Saurari Rousseau, ka dawo ka saurari Harle nan take, kana lura da abu ɗaya tak: inda kowannensu yake ɗaukar numfashi. Sai a zagaye na gaba ka koma kan karkarwar sauti.

Malam Mabushi:
Kawu ya ba ka hanya, amma ni da Marcel Mule zan sa ka fara, don shi ne tushen busar Faransa. Ya koyar a makarantar kiɗa ta Faris daga 1942, kuma ya naɗi Concertino da camera na Ibert tun zamanin faifan garmaho. Za ka ji ƙara da shuu a ciki, ka yi haƙuri da su, ka bi yadda yatsunsa da harshensa suke tafiya tare a wurare masu sauri.

Abu biyu kan ruɗa mai sauraro. Na farko, tsofaffin fayafayan nan ba kullum ake juyo su da daidai gudunsu ba, sai sautin ya ɗan hau ko ya sauka. Kafin ka bi faifai da busa, gwada shi da manhajar saita sauti, kada ka yi ta tura bakin busa ciki da waje kana zargin kayanka. Na biyu, mabushi Sigurd Raschèr ne Ibert ya rubuta wa kiɗan nan a 1935, kamar yadda shi Glazunov ya rubuta wa nasa, kuma shi gwanin sautukan can sama ne da ake kira altisimo, waɗanda suka wuce iyakar maɓallan saksofon. A takardar an bar wa mabushi zaɓi a waɗannan wuraren. Saboda haka in ka ji wani ya haura, wani ya tsaya ƙasa, babu wanda ya yi kuskure.

Ka tsaya sosai a farkon kashi na biyu na Ibert. Saksofon ne shi kaɗai, a hankali, babu mai rufa masa asiri. Nan ake gane mai sauti.

Yaya Mai Piyano:
Ƙanena, konceto daɗin ji ne, amma wa zai tara maka makaɗa goma sha ɗayan da kiɗan Ibert yake buƙata? Nemi abin da za ka iya busawa da mai piyano ɗaya. Sonata ta Paul Creston, 1939, wadda ya rubuta wa Cecil Leeson, ita ɗalibai suka fi bi. Kashinta na biyu bugu biyar-biyar ne, wanda ya saba da maci sai ya ƙirga da baki kafin ƙafarsa ta yarda. Sai Scaramouche na Milhaud, wanda Branford Marsalis ya busa a faifansa Creation na 2001.

Ka riƙe takardar alto kana sauraro, ba ta piyano ba. Alto na E-flat ne: in ka busa C ɗinka, E-flat ke fita a piyano. Shi ya sa Glazunov yake E-flat a jikin faifai, a takardarka kuma C. Sonata ta Denisov ta 1970 ka ajiye ta tukuna, akwai sauti biyu-uku a busa ɗaya, sai kunne ya nuna.

Mai Alto:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na saurari Rousseau, sautinsa a dunƙule, nawa kuwa kaifi gare shi. Bakin busa na ƙarfe nake amfani da shi da rid (siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa) mai lamba 2. Laifinsa ne?

Malam Mabushi:
Rabin laifin nasa ne. Yawancin irin waɗannan an yi su da faɗin baki don su keta ƙarar ganguna. Masu kilasik sun fi amfani da na baƙar roba mai ƙaramin buɗi, irin Selmer S80 C* ko Vandoren AL3, da rid lamba 3. Kada ka ɗora rid 3 a kan na ƙarfen nan, zai yi tauri, ka shiga cije leɓe, sautukan ƙasa su ƙi fita. Canza su tare.

Sauran rabin atisaye ne. Busa dogon sauti miƙaƙƙe daga B-flat na ƙasa zuwa sama, minti 10 kullum, ba karkarwa. Bayan nan ka sa ma'aunin bugu a 72, kana motsa haɓa sau huɗu a kowane bugu, da haɓa, ba da maƙogwaro ba. Kuma ka daina sauraro ta sifikar waya, tana cinye kaurin sautin ƙasa. Sa abin kunne.

Kawu Mai Fayafayai:
In ka gama da waɗannan, nemi Symphonic Dances na Rachmaninoff, 1940. A tsakiyar kashin farko alto ke ɗaukar waƙar a cikin masu busa. Sai konceton John Adams na 2013 da Timothy McAllister ya busa, don ka ji inda ake yanzu.