Musayar waƙa: "Me mutane za su ce?"

Ɗan Tawaye: salamu alaikum jama'a, ga baiti na buɗe fili, mai ƙarfi ya zo

"Me mutane za su ce" ta ɗaure ku,
Ko numfashi sai kun leƙa maƙwabtanku,
Kuna bin juna kamar tumaki a garkenku,
Ni na tsinke igiyar, na bar muku kayanku.

Yaya Babba:
Ƙanena, tunkiyar da ta bar garke,
Kafin asuba cikinta kura kan farke,
Igiyar nan da kake murna ka tsinke,
Ita za ka nema ranar da ka sarƙe.

'Yar Gaskiya: kai!! Yaya Allah ya ƙara basira, yaro sai ya nemi ruwa ya sha

Ɗan Tawaye:
Yaya tuna Rosa Parks, baƙar fatar Amurka, da taurin kanta,
1955 a bas aka ce ta bar kujerarta,
Wai farar fata ya zauna, ta ƙi, aka kama ta,
Jiya mai laifi ce, yau duniya ke yabon ta.

Malam Mai Awo: ɗana tsaya tukuna, ka karanta ɗango na biyu da baki, dubu ɗaya da ɗari tara da hamsin da biyar, wane kari ne zai ɗauki wannan lodin? sannan amsa-amon -ta ai na ragwaye ne, ko yaro ya iya jera shi

Ɗan Tawaye: Malam ai kai ma ƙa'idar kake bautawa, ita nake yaƙa tun farko

Malam Mai Awo: sai ka san ƙa'ida kake karya ta, kai faɗuwa ka yi kake ce mana tsalle ne

Na Gefe: amma fa Malam a yi adalci, ɗangon Yaya na biyu ma ya yi ɗingishi ba ka ce komai ba, ko don taku ce

'Yar Gaskiya: wane ɗingishi?? kunnenka ne ke ɗingishi

Yaya Babba: ku bar mini shi
Ita ta zauna ne don dubbai su tashi,
A garinsu Montgomery kwana 381 sun ƙi bas, suna bin ƙafa ba fashi,
Kai wa ka ceta da askin da ka yi wa gashi?
Tawayenka kaf bai wuce hoto da ƙamshi.

Malam Mai Awo: to ga wata lambar kuma, innalillahi

Ɗalibi: ni ban iya waƙa ba amma mun karanta cewa Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, tun 1895 ya ce ba al'ummar da ba ta da masu kauce hanya, ko da waliyyai ne zalla sai sun samo ɗan kuskuren da za su mai da shi babban laifi, kuma da hukunta mai kaucewar ne sauran ke gane inda iyaka take
Don haka Yaya ki gode wa ƙanenki,
Ba don shi ba da wa zai ji wa'azinki?

Na Gefe: Ɗalibi ya shigo da ƙwar biyu ya fi masu ƙwar huɗu

Ɗan Tawaye: afuwan data ta ƙare min jiya
Yaya askina ya tsone miki ido,
Kin bar zancen kin koma leƙen ado,
Gobe 'ya'yanki za su yi irinsa ki ce gado.

Malam Mai Awo: ina ɗango na huɗu?

Ɗan Tawaye: na ƙi